Jiran Tanderu Ya Huce

Da sunan Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya warwatsa bayinsa a bayanta, ya sanya arzikin wasu a ƙofar gidansu, na wasu kuma a inda iyayensu ba su taɓa jin sunansa ba. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ni mutumin Ƙofar Wambai ne. A zauren da nake karantar da fiƙihu a nan mahaifina ya karantar, kuma in ban da aikin hajji ban taɓa kwana a wajen ƙasar Hausa ba. Amma a shekarar da mai ɗakina ta kwanta ciwon ƙoda na je ƙasar Sin, ba don fatauci ba, ba don neman ilmi ba, sai don in dawo da ɗanmu na fari ta gan shi kafin ta cika.

Sunan mahaifina aka sa wa yaron, saboda haka Malam Ƙarami ake ce masa a gida. Ga shi kuma ɗan fari, a gidanmu kuwa ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zaman hira da shi, ba a roƙonsa komai. Kakarsa ce ta raine shi. Ya yi boko ya yi nisa, har aka ɗauke shi karatu a ƙasar Sin, da ya gama kuma wata masana'anta a arewacin ƙasar ta riƙe shi. Likita ya keɓe ni ya gaya mini cewa lokacin uwarsa ya ƙure. Ita kuwa duk sa'ad da yaron ya bugo waya sai ta yunƙura ta zauna, ta gyara murya ta ce lafiya lau, ta miƙa wa ƙanwarsa Hassana, kuma ta yi rantsuwa a kan duk wanda ya gaya masa gaskiya. Ba ta taɓa cewa tana son ganinsa ba. Sai dai wanda ya tsufa tare da mace ya san abin da take nufi in ta yawaita tambaya ko ana sanyi a ƙasar Sin. Na auna, na ga waya ba za ta ɗauki irin wannan magana daga uba zuwa ɗan fari ba. Na ce zuwa da kai ya fi aike: in ya ga tsoho kamata ya ƙetare duniya, ai ya san ba kallon gari ya kawo shi ba.

Zangon farko Guanzu ne, garin da fatakenmu suke sarin kaya. Wani maƙwabcina ɗan kasuwa shi ya nema mini takardu, muka sauka tare. A filin jirgi ma'aikata suka buɗe jakata, suka ɗauke dambun naman da Hassana ta kwana tana yi. Daddawa kuwa, wanda ya kwance ƙullin ya ja da baya ya kira na gaba da shi, suka taru suna dubanta kamar an kama mugun makami. Kuka kaɗai suka bar mini, bayan sun shinshina sun yi shawara. Maƙwabcina yana da sabgoginsa, sai ya damƙa ni a hannun wani ɗan garinmu mai suna Ɗanjuma, wanda ya daɗe a can yana dillanci.

Ɗanjuma ya durƙusa har ƙasa ya kama hannuna da hannu biyu.

«Allah ya gafarta Malam, ai ka zo gida! Ni ma ɗan Ƙofar Ruwa ne, wallahi kakana a zaurenku ya sauke. Jirgin ƙasa za ka hau? Bar mini wannan. Tikiti mai gado zan yanko maka, ka miƙe ƙafa, ka yi ta jan carbi har ka isa. Ni dai abin da nake so, a tofa mini albarka, kasuwa ta yi mini nauyi.»

Na ba shi abin da ya ce, na ɗaga hannu na yi masa doguwar addu'a, yana shafawa yana cewa amin har da ƙwalla. Sai da na shiga jirgin na miƙa tikitin, ma'aikacin ya nuna mini ƙasa da yatsa, sannan na gane cewa na tsayuwa ne, ba gado ba kujera. Addu'ar da na yi wa Ɗanjuma ban janye ba, domin ba a janye addu'a, amma ban ƙara masa ba.

Wannan jirgi shi ne zango na biyu, kuma a cikinsa na san cewa na tsufa. Na sami wani lungu kusa da inda ake ɗiban ruwan zafi na zauna a kan jakata, duk wanda zai wuce sai na tattara ƙafafuna. Rana ta faɗi, ta sake fitowa, jirgi bai gaji ba. Ban san gabas ba, ban san lokaci ba sai da ƙiyasi, na yi salla a zaune ina neman gafarar abin da na tauye. Mutane suna ɗaga wayoyinsu suna ɗaukar hotona ba tare da sallama ba. Wata yarinya ƙarama ta shafi bayan hannuna ta dubi yatsanta ko baƙin ya fita. Ban ji haushinta ba. Na tuna yadda yaran unguwarmu suke bin Bature in ya ɓato hanya.

Akwai wata tsohuwa da ke zaune a kan 'yar kujera mai naɗewa, ita ma tikitinta irin nawa ne. Ta daɗe tana kallon yadda nake dafa gwiwa, sai ta tashi ta turo mini kujerar da ƙafa, ta zauna a kan buhunta. Na ƙi, ta yi mini tsawa da harshensu, irin tsawar da ba ta bukatar tafinta. Ta miƙo mini taliya a kwano, na girgiza kai domin ban san naman da ke ciki ba. Ta dube ni, ta dubi carbina, ta mayar da kwanon, ta ciro dafaffen ƙwai da ɓawonsa ta ɗora mini a tafin hannu. Ban san sunanta ba, ban san addininta ba. A wata tasha ta sauka ta bar mini kujerar, har yau kujerar tana zaurena.

Garin da yaron yake fili ne shimfiɗaɗɗe, babu tudu babu itace, sai dogayen bututun hayaƙi da wayoyin lantarki masu kaurin igiyar rijiya. Sanyinsa ba irin wanda muka sani ba ne, yana shiga haƙori. Na sami yaron yana jirana a tasha. Ya cire hula ya durƙusa a kan daɓe, mutane suna ratsawa suna kallonmu.

«Sannu da zuwa, Malam. Ya hanya?»

«Alhamdu lillahi.»

«Ya mutanen gida?»

«Suna gaishe ka.»

«Ya jikin Inna?»

«Sai godiyar Allah.»

Shi yana kallon ƙasa, ni ina kallon gefe, kamar yadda muka saba tun yana yaro. Amma na saci kallonsa. Ya rame, kuma a layukan tafin hannunsa da gefen farcensa akwai wani baƙi mai sheƙi da sabulu bai fitar ba. Na ce a raina, ya gane. Gobe ko jibi zai zo ya ce ya nemi izinin tafiya.

Ya ba ni ɗakinsa da gadonsa, shi ya koma wurin wani abokin aikinsa. Da safe ya kawo mini shayi da burodi ya tsuguna ya gaishe ni ya tafi aiki. Da yamma ya kawo abinci daga wani shagon Musulmi ya ajiye ya fita, domin ba zai ci a gabana ba. Ladabinsa bai ragu da ƙwayar zarra ba, kuma wannan ladabin shi ya hana mu zama wuri ɗaya. A Kano da baffansa zan kira, ko kawunsa, ko aminina, in ce ku gaya wa yaron nan kaza. A nan ba ni da ko ɗaya. Na zauna ina duban bango, ina jin kewar abubuwan da ban taɓa sanin ina so ba: hayaniyar masu kayan roba a bakin kasuwa, kiran sallar masallatai da ke hawa kan juna, har da ƙarar injin markaɗen maƙwabta da na sha yin ƙorafi a kansa.

Bayan 'yan kwanaki ya zo da fara'a ya ce ya samo mini izinin shiga masana'antar. Aka ɗora mini hular ƙarfe a kan rawanina, aka rufe mini hanci da baki. A wannan yini ne na fara jin muryar ɗana tana doguwar magana, domin da ya shiga bayanin aikinsa sai ya manta da wanda yake yi wa.

Ya fara nuna mini wani tsibi baƙi kamar dutsen Dala, a ƙarƙashin rumfa. Ya ce idan aka tace ɗanyen mai aka ɗebe fetur da kananzir da gas, akwai abin da yake saura a gindin tukunya, baƙi mai kauri kamar kwalta. Shi ake dafawa har ya daskare ya zama gawayi, shi ne wannan tsibin, jiragen ƙasa ke kawo shi daga matatu. Ya ɗauko gutsure ya ba ni, na ji shi da kaushi, da ramuka kamar soso. Daga nan muka shiga inda ake gasa shi don ya fitar da sauran mai da warin da ke jikinsa, sai inda injuna suke niƙa shi ya yi laushi fiye da garin tuwo, suna tankaɗewa. Ƙarar wurin ba ta bari a ji magana, ƙasa kuma santsi gare ta kamar an shafa mai, har sai da ya riƙe mini gwiwar hannu. Tun da aka haife shi ban tuna ranar da jikinsa ya taɓa nawa ba.

Ɗaki na ƙarshe ya fi masallacin Juma'a faɗi. A cikinsa akwai tanderu a jere, kowanne dogo kamar kwalbati, an gina shi da bulo mai jure wuta. Ya ce ana zuba garin a cikin tukwane, a jera su a ciki, a binne su da wani gawayin, sannan a saki lantarki ta kai da ƙafa, ya ratsa su kwana da kwanaki har zafin ya wuce wanda ke narka ƙarfe nesa ba kusa ba. A cikin wannan zafin gawayin yake sake halitta ya zama abin da suke kira girafait, wato baƙin abin nan da ke cikin fensir. Da shi ake yin cikin batirin waya da na motocin lantarki. Ya lakato wanda aka gama ya shafa mini a yatsa: laushi, sheƙi, babu kaushi babu wari. Na tuna babin da muke karantarwa na abin da ya juya daga asalinsa har hukuncinsa ya sauya, na yi tasbihi ga wanda ya ɓoye wannan a cikin dattin mai.

Ya tsaya a gaban wani tanderu, zafinsa yana dukan fuska daga nesa.

«Wannan nawa ne, Malam. Ni na ba da shawarar yadda za a haɗa garin da yadda za a ba shi wuta, suka yarda a gwada. An kashe wutar tun kafin ka iso. Yanzu jira muke ya huce, ni nake auna shi safe da yamma.»

«Har zuwa yaushe?»

«Makonni ne. Ba a yi masa gaggawa. In aka buɗe shi da zafi iska ta shiga, sai ya ci kansa, wahalar ta tashi a banza.»

«Kamar rini ke nan,» na ce, domin dangin mahaifiyata marina ne a Ƙofar Mata. «Ba a tsoma zane sai ruwan baba ya nuna.»

Ya yi dariya, har ya kusa duban fuskata. «Haka ne, Malam. In aka buɗe aka ga ya yi kyau za su tabbatar da ni a aiki, su sabunta mini takardar zama. Daga nan sai in ɗauki hutu mu koma tare in Allah ya so. Kafin nan ka huta, ka ga gari. Na ji daɗi da ka zo ka ga abin da nake yi.»

A nan na gane cewa bai gane ba. Ya ɗauka ziyara na kawo masa. Na buɗe baki a bayan ƙyallen da aka rufe mini fuska, na nemi kalmar da uba yake fara irin wannan magana da ita ga ɗan fari, ban same ta a cikin abin da aka koya mini ba. Na ce Allah ya yi albarka, muka fito.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi nauyi a tafiyar. Hassana tana bugo waya tana magana ƙasa-ƙasa daga tsakar gida. «Baba, yau ko kunu ba ta sha ba.» Washegari: «Baba, ƙafafun sun ƙara kumbura. Ka gaya wa Yaya kuwa?» In ce mata ana nan ana shiri. Shi kuma ya shigo da yamma da baƙi a gefen idanunsa kamar ya sa kwalli, ya tsuguna ya ce zafin ya ragu kaɗan yau. Ina tsakanin abu biyu, ɗaya yana hucewa a hankali, ɗaya yana gaggawa.

Ranar Juma'a ya kai ni wani ƙaramin masallaci na Musulmin ƙasar, masu fararen huluna, rufinsa irin ginin Sin, ba hasumiya. Bayan salla limamin ya riƙe hannuna ya ja ni ɗakinsa. Tsoho ne siriri mai ɗan gemu, sunansa Liman Yusufu. Na yi masa Larabci, ya amsa da Larabci, amma harshensa ya lanƙwasa haruffan ta wata fuska, nawa ya lanƙwasa su ta wata, sai da muka yi ta maimaitawa muna dariya kafin kunne ya saba. Littattafan da ya karanta ba duka ne namu ba, mazhabarsa ma daban, amma nahawun ɗaya ne. Ya zuba mini shayi mai busassun 'ya'yan itace da dunƙulen sukari. Na tambaye shi hukuncin wannan baƙin da ke manne wa fatar ma'aikata, ko yana hana ruwan alwala isa. Ya ce rabin masu bin sa salla a masana'antar suke aiki, ya daɗe da duba mas'alar: launi ne ba shamaki ba, in an wanke ƙurar. Na ce mu ma haka muke ce wa marina. Daga ranar kullum ina wurinsa tsakanin azahar da la'asar.

A zama na uku ko na huɗu ya ajiye kofinsa ya ce, «Ya shehu, kai ba ɗan kasuwa ba ne, ba kuma mai yawon kallo ba. Mutum mai shekarunka ba ya zuwa garin nan don iska. Me ya kawo ka?»

Na gaya masa komai. Ya saurara har na gama, sannan ya tambaya, «Shi yaron me ya ce?»

«Ban gaya masa ba.»

«Kurma ne?»

«A'a.»

«To kai ne bebe? Ga shi tun ɗazu kana cika mini kunne da mas'alolin alwala.»

Na yi masa bayanin ɗan fari da kunyarsa, da yadda ake aika baffa ko kawu. Ya riƙe gemunsa yana girgiza kai, dariya tana cinsa.

«Subhanallahi! Ka haye teku, ka haye hamada, kamu ɗaya ya gagare ka. A wane littafi ka karanta wannan?»

«Ba a littafi yake ba. A gida yake.»

Dariyar ta tsaya. Ya ce nasa ɗan yana wani birni a kudu, shi kuwa yana gaya masa komai ƙarara, kuma duk da haka bai zo ba. Ya ce, «Kowa da irin tasa. To, daga yau ni ne baffansa. Kawo mini shi.»

Da yamma na ce wa yaron liman yana son ganinsa. Muka zauna mu uku, ni a gefe ina kallon tabarma. Liman Yusufu ya yi masa magana da harshen Sin, a hankali, ba tare da ado ba. Ban fahimci kalma ɗaya ba, amma na ga sa'ad da maganar ta isa, domin hannun da yaron ya ɗora a gwiwa ya dunƙule. Saƙon uba Bahaushe ga ɗansa Bahaushe ya bi ta Larabci ya fito ta Sinanci kafin ya shiga kunnensa. Ya juyo ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba.

«Malam, tun ranar da ka sauka ka san wannan?»

«Na sani.»

«Ka bar ni ina zagayawa da kai ina nuna maka tanderu?»

«Ai na zo.»

«Ka zo, Malam, amma ba ka faɗa ba. Na daɗe cikin mutanen nan, a wurin aikinmu abin da ba a faɗa ba babu shi. Inna ma da bakinta take ce mini lafiya lau.»

«Me kake so ta ce maka?»

Ya sunkuyar da kai. Liman ya tura masa kofin shayi, ya ce da ni da Larabci, «Aikin baffa ya ƙare. Saura naku.»

Washegari muka je wurin shugaban sashensu, mutum mai ladabi, ya miƙe ya ba ni kujera. Yaron ya yi magana, shugaban ya amsa doguwar amsa, yaron ya juya mini ita da murya marar hawa da sauka.

«Ya ce yana taya mu jimami. Ya ce shi ma yana bakin aiki mahaifinsa ya rasu, bai gan shi ba. Ya ce tanderu ba shi da uwa. Dole wani ya ci gaba da auna shi, kuma wanda ya buɗe shi, shi za a san aikin da shi. In na tafi yanzu takardata za ta ƙare ina gida, ba shi da hujjar da zai nema mini sabuwa. Ya ce in daure, abin ya kusa.»

Dukansu biyu suka dube ni. Na san hakkin uwa, na karantar da shi shekaru, da na so da na jero masa hujjoji har ya rasa ta cewa. Amma na ga tsibin gawayin nan, na ga shekarun da ya zuba a cikinsa, na ji muryarsa ranar da ya ce wannan nawa ne. Ban ce ya zo ba, ban ce ya zauna ba. Ya nemi izini ya fita, na bi shi a baya har ɗakin tanderu. Ya tsaya a gaban nasa, ya kai tafin hannunsa kusa da bulo, ya janye domin har yanzu ba ya taɓuwa. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya cire hular ƙarfen ya miƙa wa abokin aikinsa, ya yi masa bayani mai tsawo yana nuna ma'aunai ɗaya bayan ɗaya, kamar mai barin amanar jariri.

Liman Yusufu ya raka mu tasha da ƙullin burodi. Ya rungume ni ya ce in mun haɗu a inda babu bukatar tafinta zai ƙarasa yi mini dariya.

Komowa ba ni da abin faɗa a kanta sai gajiya. Wannan karon gado muka samu, yaron ne ya yanki tikiti, amma barci bai zo ba. Yana gado na sama, ina na ƙasa, kowa yana jin juyin ɗan'uwansa.

Mun shiga gida da hantsi. Mata sun cika tsakar gida, da suka gan shi suka dare suka ba shi hanya. Ya cire takalmi ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakin uwarsa, ya yi sallama da muryar da ta karye. Tana kwance, ta zama kamar rabin wadda na bari. Ta buɗe ido ta gan shi, kallo ɗaya, sannan ta ja mayafi ta rufe fuska ta juya wajen bango.

«Hassana,» ta ce, «wane ne ya tare mana haske?»

«Inna, Yaya ne. Yaya ne ya dawo.»

«To shi ne kuka bar shi a tsugune kamar maroƙi? A ba shi ruwa. A dama masa fura, kada a cika nono mai tsami, ba ya so.» Ta ja numfashi. «Ku ce masa ya rame.»

Allah ya ara mata wasu makonni. Kullum yana zaune a bakin ƙofar nan daga safe har dare. Ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba, amma in ya tashi ko alwala ce sai ta tambayi Hassana ina mutumin nan ya tafi. Ranar da ta cika, shi ya ɗauki gaban makara.

Yanzu yana wani ɗan shago a bakin kasuwa yana gyaran batiran sola. Abokin aikinsa ya aiko masa da labari cewa an buɗe tanderun, kayan sun yi kyau, an kuma ƙara wa abokin girma. Hassana ce ta gaya mini. Shi bai faɗa ba, ni ban tambaya ba. Da safe yakan tsuguna a ƙofar zaure ya gaishe ni kafin ya wuce, in amsa ina kallon littafi.

Allah ya jiƙanta ya haskaka kabarinta. Ya saka wa Liman Yusufu da tsohuwar jirgi gwargwadon abin da ya sani game da su. Ya musanya wa yaron da abin da ya fi wanda ya bari, domin ni ba ni da abin da zan biya shi da shi. Ni kuwa ƙafata ta gama tafiya, sai wadda za a ɗauke ni.